Fom ɗin manhajar haya ya ƙi karɓar adireshin ɗakunana, ya kuke yi?

Mai_Rasit:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka saba da harkar gidajen haya ku zo ku ba ni shawara. Ni ne nake kula da gidajen kawuna, gini uku ne, idan aka haɗa ɗakuna da fulat da shaguna sun kai 23. Shekara da shekaru da littafi nake aiki, to bana sai muka ce bari mu koma manhaja ta intanet saboda shi kawun yana so ya riƙa ganin wa ya biya wa bai biya ba daga wayarsa ba sai ya kira ni ba.

Tun a shafin farko na maƙale, wato wajen shigar da adireshi. Fom ɗin yana da gurbin adireshi na ɗaya, na biyu, gari, jiha, sai lambar gidan waya, kuma duk an sa masu jan tauraro, alamar dole a cike, banda na biyun. Na shigar da ɗaki na farko ya wuce lafiya, ina zuwa na biyu a gini ɗaya sai ya ce wai wannan adireshin akwai shi. To ai dole akwai shi tunda gida ɗaya ne! Sai na fara dabara, wani na ƙara aya a ƙarshe, wani na sa sunan ɗan hayar a gaba, wani na rubuta da manyan baƙaƙe, yanzu jerin ya zama wani iri ni kaina da na rubuta ba na gane wanne ne wanne. Jiya na tura wa wata baiwar Allah rasit ashe na maƙwabciyarta ne, kuma da kuɗin da ake bin maƙwabciyar a jiki, wallahi abin ya dame ni sosai.

Bayan haka gini ɗaya ba shi da lamba kwata-kwata, da kwatance kowa ya san shi, kuma idan na fara rubuta sunan layin sai fom ɗin ya kawo nasa zaɓin ya canza mini zuwa wani layi mai kama da sunan a wani gari daban. Na ukun kuma an canza wa layin suna, takardun gidan tsohon suna ne, allon bakin layi sabo. Wanne zan sa? Kuma lambar gidan wayar nan idan mutum bai da ita ya zuba sifili kawai ya wuce?

Hajiya_Mai_Bene:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ya same ka ya same ni farkon shigata, kuma matsalar ba daga adireshin take ba, kai ne kake shigar da ɗaki a inda ake shigar da gini. Yawancin manhajojin nan hawa biyu suke da shi, akwai gini sannan a ƙarƙashin ginin akwai ɗakuna. Adireshi sau ɗaya ake rubuta shi, a kan ginin, sai ka buɗe ginin ka nemi wajen ƙara ɗaki ko fulat ko shago, su kuma suna gadon adireshin daga sama. Kenan kai adireshi uku kacal ya kamata ka rubuta ba 23 ba. Duba da kyau lokacin da kake ƙirƙirar gini, galibi akwai tambaya ko gida ɗaya ne ko mai ɗakuna da yawa, idan ka zaɓi gida ɗaya a nan ne yake rufe maka ƙofa.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne wannan, ka daina gane ɗaki da sunan wanda ke ciki. Ɗan haya yau yana nan gobe ya tashi, ɗakin kuwa yana nan. Idan ka rubuta ɗakin wane, ranar da wane ya fita dole ka gyara sunan, kuma duk tsofaffin rasit da tarihin gyare-gyare sai su rikice, shekara biyu gaba ka rasa ko famfon da aka canza na wane ɗaki ne. Ka ba kowane gini harafi, ka ba kowane ɗaki lamba, kuma lambar nan kar ta taɓa canzawa ko me ya faru. Ni yadda nake yi, harafin gini, sai hawa, sai lambar ƙofa. Misali B-1-04, wato gini na biyu, hawa na ɗaya, ƙofa ta huɗu. Shaguna na sa masu S a gaba don kar su cakuɗe da ɗakunan kwana. Kuma ka sa sifili a gaban lambobin da ba su kai goma ba, 01, 02, har 09, idan ba haka ba wajen jerawa kwamfuta za ta kawo maka 1 sai 10 sai 11 sannan 2, ka yi ta neman ɗaki na biyu a ƙasa.

Sannan ka sa a rubuta lambar a jikin ƙofar da fenti ko ɗan allo, wannan shi ne mutane ke mantawa. Lambar da ke cikin waya kawai, wadda ɗan haya bai san ta ba, mai gyaran wuta bai san ta ba, ba ta da amfani. Ni har a jikin mita na sa aka rubuta. Tun daga lokacin idan an kira ni ana cewa rufi na yoyo tambaya ɗaya nake yi, me aka rubuta a ƙofarka.

Ka ƙirga ƙofofin ta hanya ɗaya a duk gidajen, ni daga hannun dama nake farawa idan na shigo get, in zagaya. Idan wata rana aka raba ɗaki biyu kar ka sake lambar sauran, ka ce 04A da 04B. Idan aka haɗe biyu suka zama ɗaya ka rufe tsofaffin lambobin, kar ka goge su, tarihin kuɗi yana rataye da su.

Ita kuma baiwar Allah da aka ga bashinta ka je da ƙafarka ka ba ta haƙuri, kar ka bari ta ji a bakin maƙwabciya.

Ɗan_Kwamfuta:

Hajiya ta gama magana a kan tsari, bari na ɗora ta ɓangaren na'urar tunda aikina kenan, ina haɗa irin waɗannan fom ɗin.

Malam Mai_Rasit wancan zaɓin da ke faɗowa yana canza maka layi, ba manhajar ce ta san gidanka ba, tana tambayar wata taswira ce ta intanet, ita kuma taswirar abin da ke cikin rumbunta kaɗai ta sani. Idan layinka ba ya ciki sai ta kawo mafi kama. Kar ka danna zaɓin. Ka duba ƙasan jerin ko gefen gurbin, yawanci akwai ɗan rubutu da ke cewa shigar da hannu, shi za ka bi. Idan babu, wani lokacin idan ka gama rubutawa ka taɓa wani gurbin ba tare da ka zaɓi komai ba yana barin abin da ka rubuta. Wani abin kuma, burauzar wayarka ma tana cike fom da kanta da adireshin da ka taɓa ajiyewa, to ka lura kar ta zuba adireshin gidanka na zama a gurbin gari ko jiha ba ka gani ba, yana faruwa sosai.

Gidan da ba shi da lamba kuma ga abin da zan ce. Gurbi na ɗaya ka sa abin da yake tabbas, sunan layi ko unguwa da lambar fili idan akwai a takarda. Kwatance ka kai shi gurbi na biyu ko wajen ƙarin bayani, kar ka cusa shi a na ɗaya, saboda na ɗayan ne ke fita a rasit kuma da yawa suna da iyakar haruffa, sai ka ga an yanke rabin maganar. Kuma kwatance yana tsufa, shagon da ka ce a tsaya a gabansa zai iya tashi, fentin get zai iya canzawa. Shi ya sa nake cewa a haɗa da wurin a taswira. Ka je ka tsaya a bakin get, a waje ba cikin ɗaki ba don GPS na waya ya fi daidai a fili, ka buɗe Google Maps ka danna wurin ka riƙe har alama ta sauka, za ka ga lambobi biyu, latitud da longitud. Ka kwafe su yadda suke. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka lamba biyar bayan ɗigo tana kai ka kusan mita ɗaya, huɗu kusan mita 11, idan ka yanke ka bar biyu ka koma fiye da kilomita ɗaya kenan, unguwa guda. Kar ka juya su, latitud ne farko, kuma idan akwai alamar ragewa a gaba kar ka yar da ita, ita ce ke nuna kudu ko yamma, idan ta faɗi gidan ya tsallaka wani ɓangaren duniya.

Idan lambobin sun yi maka tsawo akwai Plus Code, Google ne suka fitar da tsarin a 2014 kuma kyauta ne, a Google Maps ɗin dai za ka gan shi. Cikakkensa haruffa da lambobi 10 ne da alamar tarawa a ciki, yana nuna fili mai kusan mita 14 kowane gefe, wanda ya ishi get ɗin gida. Abin da nake so da shi lissafi ne kawai daga latitud da longitud, ba sai wani ofis ya ba ka ba, kuma ba a sa wasula a ciki ba, babu kuma lamba 1, don kar a rikita I da 1 ko O da sifili. Gajeren da taswira ke nunawa sai an haɗa shi da sunan gari yake aiki, to idan za ka ajiye ka ajiye har da garin. Akwai kuma what3words mai raba duniya murabba'i na mita 3 ya ba kowanne kalma uku, amma shi na kamfani ne sai ta manhajarsu ake warware shi, ni don ajiya ta dogon lokaci na fi natsuwa da Plus Code.

Maganar lambar gidan waya, dan Allah kar ka zuba sifili. Da farko duba ƙasar da aka zaɓa a saitin asusun, sau da yawa an bar ta a kan Amurka ne shi ya sa fom yake nacewa sai lamba biyar da jerin jihohinsu. Idan ka gyara ƙasar gurabun kan canza. Masu haɗa fom da yawa suna ɗauka duk duniya iri ɗaya ce alhali ba haka ba ne, Birtaniya da Kanada nasu haruffa ne da lambobi a haɗe, Hong Kong ba sa amfani da ita sam, Ireland sai 2015 suka kawo tasu mai suna Eircode, a Japan kuwa yawancin tituna ba su da suna ma, da lambar yanki da ta rukunin gidaje ake gane wuri. Idan ƙasarku tana da lambar, ka nema a shafin hukumar gidan waya ka sa ta gaskiya, ta yankin ce galibi ba ta gida ɗaya ba. Sifilin da ka zuba zai fito a kan yarjejeniya da rasit, kuma idan manhajar tana amfani da ita wajen sa gidan a taswira ko talla zai jefa shi inda ba nan ba.

Mai_Rasit:

Allah ya saka da alheri. Hajiya wallahi gaskiyarki, na koma na duba, gida ɗaya na zaɓa tun farko. Ƙasar ma a kan Amurka take kamar yadda Ɗan_Kwamfuta ya ce, ina canzawa jan tauraron lambar gidan wayar ya ɓace. Saura maganar layin da aka canza wa suna, kuma yanzu waɗannan 23 da na riga na shigar a karkace, in goge su ne in sake?

Abu_Hanan:

Kar ka goge tukuna Malam. Idan ka riga ka shigar da biyan kuɗi a ƙarƙashinsu, a wasu manhajojin goge gida yana tafiya da duk abin da ke rataye da shi. Ka fara sauke komai a fayil ka ajiye, sannan ka duba ko akwai hanyar mayar da ɗan haya daga wannan ɗaki zuwa wancan, idan akwai sai ka gina sabon tsarin a gefe ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin ka rufe su kawai.

A kan sunan layi ni ina da ɗan bambanci da 'yan'uwa. Duk wannan lamba da taswira suna da kyau don aikin yau da kullum amma yarjejeniyar haya takarda ce da wata rana za a iya ɗauka a kai gaban mai shari'a, kuma a can abin da za a duba shi ne ko gidan da aka ambata shi ne gidan da ke takardar mallaka. Don haka a gurbin da ke fita a yarjejeniya ni ina rubuta sabon suna sannan in bi shi da wanda a da ake kira kaza, duka biyun a layi ɗaya, in ƙara lambar fili yadda take a takarda harafi da harafi, ko da rubutun takardar ya saɓa da yadda kowa ke rubutawa. B-1-04 ɗinka ya biyo baya a matsayin ƙari, tare da bayani a kalmomi, hawa na ɗaya ƙofa ta huɗu daga dama. Lambar da kai ka ƙirƙira ita kaɗai ba ta isa ta bayyana ɗaki ga wanda bai san tsarinka ba.

Wani abu kuma da na gani da idona, akwai manhajar da idan ka gyara adireshin gini yau sai duk tsofaffin rasit su canza su ɗauki sabon, saboda ba ajiye rasit ɗin take ba, duk lokacin da ka buɗe sabo take haɗawa. Sai ya zama na hannun ɗan haya daban naka daban, a kan biya ɗaya. Kafin ka taɓa adireshin ka gwada da rasit ɗaya, idan ka ga ya canza to ka sauke tsofaffin duka a PDF tukuna, kuma ka rubuta ranar da ka yi gyaran a wajen bayani.

Sannan idan manhajar tana da wajen tallar ɗakin da ba kowa, ka duba ko akwai zaɓin ɓoye cikakken adireshi. Unguwa ta isa a talla. Ba daidai ba ne duk mai waya ya san ƙofa ta nawa ce babu kowa a ciki a gidan da iyalan mutane ke kwana.

Ɗan_Kwamfuta:

Na yarda da Abu_Hanan ɗari bisa ɗari a kan yarjejeniya, ni dama taswirar ƙari ce ba madadi ba.

Tunda an zo maganar sauke fayil, ka yi hattara a nan don nan ne aiki ke lalacewa shiru. Fayil ɗin galibi CSV ne, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabu, adireshi kuwa cike yake da waƙafi, idan ba a kewaye shi da alamar zance ba sai rabinsa ya zame zuwa gurbin gari, garin ya koma jiha, haka har ƙarshe. Na biyu, manhajojin tebur irin su Excel idan ka buɗe CSV kai tsaye suna yi wa lambobi fassara, 04 ya koma 4, abu kamar 3-4 ko 1/2 ya koma kwanan wata, lambar waya mai sifili a gaba ta rasa sifilinta. Shi ya sa harafin da Hajiya ta ce a sa a gaba yake da amfani biyu, B-1-04 ba mai ɗaukarsa kwanan wata. Sauran gurabun ka mayar da su rubutu kafin ka zuba komai. Na uku idan akwai haruffa masu ƙugiya a sunan layi ko na mutum, ƙ da ɗ da ɓ, ka ajiye fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8, idan ba haka ba za su dawo alamar tambaya ko wasu tarkace. Kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya, wajen bincike kwamfuta tana ɗaukar k da ƙ haruffa biyu daban, idan rabi ka sa ƙugiya rabi ba ka sa ba rabin jerin ne zai fito.

Ka fara loda layi biyu ko uku kawai ka ga yadda suka zauna kafin ka tura dukkan 23.

Ummu_Sadiq:

Ni ba manhaja nake amfani da ita ba, Google Forms ne kawai da tebur, amma abu ɗaya zan ƙara. Duk fom ɗin da 'yan haya za su cike da kansu, na ƙorafi ko na shaidar biya, kar ka bar masu gurbin adireshi a buɗe su rubuta, mutum goma za su rubuta gida ɗaya iri goma. Ka yi jerin zaɓi, su zaɓi gini, fom ya kai su sashen ginin su zaɓi lambar ƙofa, akwai saitin da ke tura mutum sashe bisa amsar da ya bayar. Lambobi kawai za ka sa a jerin banda sunaye, kowa ba sai ya ga sunan kowa ba. Kuma ka bar zaɓi ɗaya na tsakar gida ko matakala ko tanki, don ba kowace matsala ce ta ɗaki ba, idan babu sai su ɗora ta a kan ɗakinsu lissafin gyara ya karkace.

Mai_Rasit:

Na gode ƙwarai jama'a. Na sauke komai na ajiye, na ƙirƙiri gini uku A, B, C, na kwashe mutum 9 zuwa yanzu, akwai wajen mayarwa kamar yadda Abu_Hanan ya ce kuma biyansu ya bi su. Na gwada rasit ɗaya, lallai yana canzawa idan an taɓa adireshi, don haka daren jiya na zauna na sauke tsofaffin duka. Na je bakin get ɗin gidan da ba lamba na ɗauko Plus Code na tura wa kawu, ya ce ya buɗe ya ga rufin gidan. Baiwar Allah ma na je na same ta Hajiya, ta haƙura.

Mai fenti zai zo ranar Asabar. Abu ɗaya ya rage, a gini C akwai shago ɗaya a kusurwa mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon layinmu ɗaya tana kallon babban titi, kuma mai shagon adireshin titin yake ba kwastomominsa, yana so shi ne ya fito a rasit ɗinsa. Manhajar ba ta barin ɗaki ya yi adireshi daban da na gininsa. In ware shi ya zama gini na huɗu ne, ko in bar shi a C in rubuta titin a wajen bayani?

Hajiya_Mai_Bene:

Bar shi a C ɗana, takardar mallaka ɗaya ce kuma idan rufin ya tashi gyara kuɗin gini ɗaya ne, idan ka ware shi lissafin kawunka zai rabu biyu ba dalili. Ka sa sunan titin a cikin sunan shagon kansa bayan lambar, C-S-01 ƙofar babban titi, sunan ɗaki ai yana fita a rasit. Ka nuna masa a waya ya gani kafin ka buga.